Motar da Ba Ta Mutuwa a Gaban Bakanike

A shekarar da motar gidanmu ta fara mutuwa a hanya, ban san komai game da mota ba sai abin da kunnena ke ji. Na san kukanta tun daga kwanar masallaci, har nakan ce wa yara su ɗauko ruwan wanke hannu, babansu ya dawo. Tsohuwar a-kori-kura ce, fara a da, amma a lokacin ta riga ta ɗauki kalar ƙasar Kiru. Surukina ne ya rasu ya bar ta, ba a raba ta ba, ta zama ta mutum biyu: maigidana, wanda nake kira Malam, da wansa, wanda dukkanmu muke ce wa Yaya. Malam ne ke tuƙa ta. Yana ɗauko wa manoma masara da shinkafa daga wajen Tudun Wada, albasa da rake in lokacinsu ya yi, ya sauke a Kwanar Dangora ko ya shigo da su kasuwar garinmu. Ya fita bayan asuba, ya dawo kafin magariba. Abin da na fi so a motar ke nan.

Wajen tsakiyar damina ya fara dawowa a makare, rigarsa duk baƙin mai. Da na tambaya sai ya ce, "Ni ma ban gane ba. Ba ta tari, ba ta fizga, ba ta yin komai irin na motar da mai ya ƙare mata. Kina cikin tafiya sai ki ji shiru, kamar an hure fitila."

"To sai me?"

"Sai in sauka in ɗan tattaɓa ta. Wani lokaci ta tashi nan take kamar ba ita ba. Wani lokaci sai na nemi masu turi."

Ya fara kai ta wajen bakaniken garinmu. Ya ce datti ne a cikin mai, ya sauke tanki ya wanke. Kwana biyu ta sake mutuwa. Ya ce kan batir ne ya yi tsatsa, ya kankare ya ɗaure. Ta sake mutuwa. Daga nan ya ce abin ba nasa ba ne, na wuta ne, a kai ta Kwanar Dangora wajen mai gyaran wayar mota, wanda direbobi ke ce wa riwaya. Riwaya ya canja wani abu da ake kira koyil, ya canja fulogai, ya bi wayoyi yana naɗe su da baƙin salatif. Abin da ya fi ɗaure wa kowa kai shi ne, motar ba ta taɓa mutuwa a hannun masu gyaran ba, ko sau ɗaya. Riwaya ya taɓa tuƙa ta da kansa har Bebeji ya dawo, ya miƙa wa Malam makulli ya ce motar nan ta fi shi lafiya. Malam ya kamo hanyar gida, kafin ya iso ta mutu sau biyu.

Wata rana bayan la'asar Yaya ya shigo. Na shimfiɗa musu tabarma a tsakar gida, na koma bakin madafi ina tsince shinkafa, ina jin su.

"Ka ji abin da mai albasar Dangora ke faɗa a kasuwa?" in ji Yaya. "Ya ce kayansa sun yini a rana a bakin titi. Jiya mutum biyu sun ce mini bana ba za su ba ka masararsu ba."

"Ana kan dubawa, Yaya."

"Tun yaushe ake dubawa? Saurara. Na yi magana da wani mai manyan motoci a Kudu, yana neman direba mai hankali. In aka fara cire masara a garin nan motar ba ta warke ba, a sayar wa 'yan gwangwan, ka tafi. Kana da iyali, ba za ka zauna kana gadin ƙarfe ba."

Malam ya ce, "To, Yaya." Bai taɓa yi wa wansa musu ba, ko a kan gishirin miya.

Ni kuwa shinkafar ta gagare ni tsincewa. Na san wannan rayuwar, don a cikinta na yi shekarun farkon aurena. Lokacin Malam yana jan babbar mota, sai ya yi wata uku, wata huɗu ba mu gan shi ba. Na haifi na biyu ba ya nan, an yi suna ba ya nan. Ranar da ya dawo, babbar 'yarmu ta gan shi a bakin zaure ta ruga ta ɓuya bayan turmi, ta yini ba ta yarda ya ɗauke ta ba. Ban yi wa kowa ƙorafi ba a lokacin, amma ban so in sake ganin irin haka ba.

Abin da na iya shi na yi. Na hau acaɓa na tafi ƙauyen kawuna, ƙanin mahaifiyata, malamin allo ne a wajen Bebeji. Na durƙusa na gaishe shi, na faɗa masa komai.

"Mota ai ƙarfe ce, 'yar nan," in ji shi. "Kun kai ta wajen masu ƙarfe?"

"Mun kai, Kawu. Sun ce lafiyarta ƙalau. In sun hau ta tafi, in shi ya hau ta mutu."

Ya ja gemu. Sannan ya ɗauko tawada ya yi rubutu a 'yar takarda, ya ninke ta. "Wannan addu'ar tsari ce, ba sifana ba ce," in ji shi. "Ki ce masa kada ya daina nema."

Na kai wa baduku ya ɗinke ta da jar fata. Kawu bai ce ga inda za a rataya ba, ni na yi wannan tunanin da kaina. Na ga in an rataye a madubi rana za ta ci ta, kuma rufin motar yana yoyo. Sai na ga makulli ya fi. In mota na tafiya yana jikinta, in ta tsaya yana aljihunsa. Da ma a zoben makullin motar akwai makullin shagon da yake ajiye buhuna, da na kwaɗon rumbu, da na ƙofar zaure, da 'yar wuƙarsa mai naɗewa, da abin yanke farce. Na saka layar a cikinsu.

A makon nan motar ta mutu fiye da yadda ta saba. Na ce a raina, to, ashe abin da ke damunta mai ƙarfi ne, ya ji an taɓa shi. Surukata, Inna, da ta ji labari sai ta aiko da tata, mai kaurin fata da zoben ƙarfe. Aka ƙara. Abin ya ƙara lalacewa. Na ji kunyar komawa wajen Kawu, sai na je wajen wani malami a unguwarmu na karɓo ta uku. Malam bai taɓa ce mini a'a ba. Ya dai auna tarin a tafin hannunsa ya ce, "Malama, ki fara neman allura, aljihuna ya kusa yagewa." Tun da na shiga ajin yaƙi da jahilci yake tsokanata da wannan sunan.

Cikin haka ƙanwata da ke aure a Doguwa ta haihu. Malam yana da kayan da zai ɗauko can, sai ya ce in shirya mu tafi tare, in yi barka ya yi lodi. Ban taɓa yin doguwar tafiya a gaban motar ba. Muka fita da sassafe, rediyo na kunne ana karatu, ni ina riƙe da ƙullin sabulu da kayan jariri a cinyata.

Mun wuce Tudun Wada da kaɗan muka faɗa wani rami. Mai karatu ya yanke a tsakiyar aya, injin ya yi shiru, motar ta gangara da kanta gefen titi. Malam ya ce bismillah, ya sauka, ya buɗe bonet, ya ɗauki dutse ya ƙwanƙwasa kan batir. Ya dawo ya murɗa makulli, ta tashi.

"Kin gani?" in ji shi. "Kan batir ne. Na faɗa musu."

Ta biyu a cikin dajin Falgore ta same mu, inda ba wanda ke son tsayawa ko da rana tsaka. Ya ƙwanƙwasa kan batir, ya murɗa, ba ta tashi ba. Ya koma ya ƙara ƙwanƙwasawa, ba ta tashi ba. Ya kama wata jar waya ya girgiza, ya dawo ya murɗa, ta tashi.

"Ashe wayar ce," in ji shi, amma muryarsa ba ƙarfi.

Ta uku kuwa ko sauka bai yi ba. Ya kifa goshinsa a kan sitiyari ya daɗe a haka. Wata mota ta wuce mu tana hon. Da ya ɗago ya murɗa makulli, ba tare da ya taɓa komai ba, ta tashi. Muka dubi juna. Ni dai na rasa abin da zan kama. In batir ne, me ya sa duka bai tashe ta ba a karo na biyu? In waya ce, wa ya girgiza ta a karo na uku? In kuma ba na ƙarfe ba ne, ga layu suna lilo a gefen gwiwarsa, me ya rage ban yi ba?

A Doguwa na ga abin da ya tayar mini da hankali fiye da mutuwar motar. Ruwa yakan riga sauka a can, har sun fara cire masara, an baza ta a ƙofar gidaje. Buhunan da aka loda wa Malam ma sabuwar masara ce. Tamu bai fi mako biyu ya rage mata ba. Na ɗauki jariri na yi masa addu'a, na sha kunun da aka ba ni, amma rabin hankalina yana waje wajen motar.

A dawowa ta mutu sau huɗu. Da muka iso Kwanar Dangora wajen azahar, Malam ya sauke kaya, ya juya kan motar zuwa garejin riwaya. Riwayan gajeren mutum ne mai furfura a gemu, yana zaune a kan tsohuwar taya yana shan rake.

"A'a! Direban da motarsa ke tsorona!" in ji shi. "Ka sake dawowa? Hajiya, barka da hanya. Ke ma shaida ya ɗauko ki?"

"Sau bakwai yau," in ji Malam. "A gabanta. In ni maƙaryaci ne, tambaye ta."

Ina kallo ya zare makullin motar shi kaɗai daga zoben, ya miƙa wa riwaya, ya zuba sauran a aljihu. Kullum haka yake yi. Tun kafin layu ba ya barin makullin shago da na rumbu a hannun kowa, da layu suka zo kuma ya taɓa faɗa mini: sunan Allah ba ya shiga hannun da ke cikin baƙin mai. Na ji daɗin hakan a raina, na ce mijina mai ladabi ne.

Riwaya ya juyo wajena. "To, Hajiya, me kika gani?"

"Ni ban ga komai ba, sai dai abin da na ji. Duk sanda za ta mutu, a rami ne ko a gargada. Kuma rediyo tare suke ɗaukewa."

Ya tofar da ɓawon rake. "Rediyo ma? Kai, Direba, wata nawa kana zuwa nan ba ka taɓa ce mini rediyo na ɗaukewa ba?"

"Ka tambaye ni? Ni da mota ta mutu mini da kayan mutane, ta rediyo nake yi?"

"To ai ba koyil ba ne, ba fulogi ba ne. Wutar gaba ɗaya ke yankewa, tun daga tushe."

Ya ɗauko wani ƙwan fitila mai wayoyi biyu, ya shiga taɓa wurare da shi. Ya taɓa nan ƙwan ya kama, ya taɓa can ya kama. Ya tashi motar ya bar ta tana kuka, ya bi wayoyi ɗaya bayan ɗaya yana ja, yana girgizawa. Ya kwanta a ƙarƙashi ya fito. Ya hau bayanta yana tsalle, babban mutum da shi, har masu sayar da dankali a bakin titi suka juyo suna dariya. Motar ko gezau. Na yi sallar azahar a bayan wata rumfa na dawo, suna nan. Daga ƙarshe ya ce wa Malam ya shiga ya tuƙa da kansa, shi ya zauna a gefe, su bi wata hanyar burji mai ramuka da ke bayan garejin. Na zauna a benci ina addu'ar abin da ban taɓa zaton zan roƙa ba, ina cewa Allah ka sa ta mutu.

Suka dawo da ƙura har gira, injin na kuka lafiya lau.

"Mun faɗa ramin da ko jaki zai kauce masa," in ji riwaya. "Hajiya, ni na gama nawa. Ban ce kun yi ƙarya ba, amma ba zan iya gyara abin da ban gani ba."

Malam ya karɓi makullinsa. Muka shiga, ya mayar da makullin cikin 'yan'uwansa, ya tashi motar. Daga garejin zuwa kwalta akwai ɗan kwalbati da ake haurawa. Ƙafar gaba na hawa, ta mutu.

Riwaya yana nan tsaye yana goge hannu da tsumma, bai ko juya ba. Ya taho da gudu. Malam ya kai hannu zai zare masa makullin kamar kullum, sai ya daka masa tsawa.

"Kada ka taɓa komai! Ɗaga hannunka! Yadda ta mutu haka nake son ganinta."

Ya zuro kai ta taga. Ya dubi gaban motar, ya dubi ƙafafun Malam, sannan idonsa ya tsaya a kan tarin da ke lilo a ƙasan sitiyari.

"Wannan fa?"

"Makullaina ne."

"Da wannan kake tuƙi? Kullum?"

"Kullum mana."

"Ni kuma wanne kake ba ni?"

"Na motar. Da layu a jiki, kai kuma ka ga hannunka."

Riwaya ya dubi hannuwansa kamar yau ya fara ganinsu. Ya koma gareji. Ina hango shi ya wanke su da fetur, ya sake wankewa da sabulu har gwiwar hannu, ya ɗauraye da ruwan buta. Ya dawo ya ce wa Malam ya tashi motar. Ta tashi. Ya yi bismillah, ya sa yatsa ɗaya a kan tarin, ya ɗan danna ƙasa. Ta mutu. Ya tallafe tarin a tafin hannunsa ya ce a murɗa. Ta tashi. Ya saki, ya ɗan kaɗa shi. Ta mutu.

Na zuba wa layun ido. Abin da na gani da idona shi ne, an taɓa layu mota ta mutu. Nan take tunani ya cika mini kai. Ko akwai haƙƙin wani a cikin motar da ba mu sani ba? Ko don ba a raba gadon ba ne? Ko ni ce na haɗa rubutun malamai daban-daban a wuri ɗaya, abin da bai kamata ba? Ban san lokacin da na yi magana ba.

"Ke nan addu'ar ce ba ta son motar?"

"Subhanallahi, Hajiya, wa ya ce? Tsaya ki gani. Direba, cire kayanka."

Malam ya cire, ya bar makullin shi kaɗai. Riwaya ya ɗauko sifana, ya ɗaura ta a jikin makullin da guntun waya. Aka tashi motar, ya kaɗa sifanar. Ta mutu.

"Nauyi ne," in ji shi. "Ba abin da aka rubuta ba, abin da aka rataya."

Ya kwance murfin da ke ƙasan sitiyari, ya ciro wani ɗan abu da bai fi kan ludayi ba, ya ɓare shi ya nuna mini. A ciki akwai 'yan tagulla da suka yi baƙi, sun side kamar tsohon cokali. Ya ce duk wutar motar ta nan take bi. Makulli in an murɗa shi, shi ke haɗa tagulla da tagulla. Sun tsufa, riƙonsu ya yi sako-sako, ga kaya na jan makullin ƙasa, da an faɗa rami sai su rabu.

"Amma ai ta fara mutuwa tun kafin in saka laya," na ce.

"Kwaɗon rumbu da wuƙa sun fara aikin shekara da shekaru. Layu ƙarasawa suka yi."

"To dukan batir da yake yi ta tashi fa?"

"Batir bai ci ba bai sha ba, duka kawai ya sha. Murɗawar da yake sake yi ce ke haɗa su."

"To me ya sa wani lokaci in ya murɗa ba ta tashi?"

"Wani lokaci su haɗu, wani lokaci su ƙi."

Na ce to. Gaskiya ban gama ganewa ba, har yau ma in na zauna ina tunani sai in ga kamar akwai wani wuri da bayanin bai kai ba. Mota mai ɗaukar buhu ashirin, a ce 'yar fatar da ba ta fi tafin hannuna ba ita ke tsayar da ita. Abin da na gane sarai shi ne, duk sanda na ƙara mata magani ciwo nake ƙara mata, shi kuma Malam duk sanda ya kai ta wajen mai magani sai ya zuba ciwon a aljihu.

Riwaya ya ciro irin abin daga wata matacciyar mota da ke bayan garejin ya saka mana. Yana ɗaurawa yana tsokanar Malam, wai ya sa shi tsalle a bayan mota a gaban masu dankali, sai ya biya shi mutuncinsa. Ni kuwa ina kallon layun a hannun Malam. Uku na sani, nawa biyu da ta Inna. Amma huɗu ne. Ta huɗun baƙa ce, ta kai girman kwalin ashana.

"Malam, wannan baƙar fa?"

"Bari mu je gida," in ji shi. Da muka je gida kuma bai faɗa ba. Na naɗe su duka a farin ƙyalle mai tsabta, ya ajiye a akwatin gaban mota.

Kwana tara motar ba ta mutu ba. Ran Juma'a bayan an sauko daga masallaci Yaya ya shigo, ranar ma an fara shigo da masarar farko unguwarmu a amalanke. Ina cikin ɗaki, labule a sake, suna bakin ƙofa.

"Mutumin Kudu yana son amsa gobe," in ji Yaya.

"Ai an gano, Yaya. Wata 'yar tagulla ce a bayan makulli. An canja."

"Haka ka ce mini datti ne a mai. Haka ka ce kan batir. Haka ka ce koyil. Kowanne an gano, an canja. Wannan me ya bambanta shi da su?"

Malam ya yi shiru. Na san dalili, ba ya so ya ambace ni. Na kuma ga in ya ci gaba da rufa mini asiri, gobe war haka an ba da amsa. Shekara goma sha tara ina gidan, ban taɓa sa baki a maganarsu ba. Na matso bakin labule na durƙusa.

"Yaya, a yi mini afuwa, ina da magana."

"Bismillah."

Na faɗa masa tun daga zuwana wajen Kawu har sifanar da aka rataya. Na ce ni na zaɓi makulli, ba wanda ya sa ni. Na ce shi ya sa ba ta taɓa mutuwa a hannun masu gyara ba, don su makulli tsirara ake ba su. Na kai ƙarshe ban ɓoye komai ba.

Yaya ya dubi Malam. Can ya ce, "Nauyi?"

"Nauyi, Yaya," in ji Malam.

"Duka huɗun?"

Ni ban ce huɗu ba a labarina, uku na ambata.

"Duka."

"Har da baƙar?"

Malam ya sunkuyar da kai. "Yaya, ita ta fi su nauyi."

Yaya ya yi gyaran murya sau biyu. "Sai da na ce wa badukun nan ya rage fata," in ji shi. Ya miƙe ya kakkaɓe rigarsa. "Tashi. Ɗauko ta mu je gonata ta bakin rafi, akwai buhuna a can. In ta je ta dawo a wannan hanyar, na yarda."

Suka fita. Na hura wuta na ɗora tukunya, na sauke ta ba tare da na zuba komai ba, na sake ɗorawa. Wajen la'asar sakaliya suka dawo, na ji ana sauke buhuna a ƙofar gida. Sannan na ji Yaya a zaure yana waya da ƙarfi, yadda yake yi in yana magana da na nesa.

"Ka nemi wani," in ji shi. "Ƙanina ba zai zo ba bana."

Ban so da ya ce bana ba, na so ya ce har abada. Amma na karɓa, na yi hamdala a bakin murhu.

Da Malam ya shigo na ajiye masa ruwa, na tambaye shi abin da ke cina. Mutumin da ya kafe sai an sayar da mota, ya nemo masa aiki a Kudu, me ya kai shi wajen malami neman tsarin motar?

"Ki tambaye shi mana, Malama, tunda yanzu kin iya yi masa magana."

Ban tambaye shi ba. Masarar garinmu ta wannan kakar, rabinta a bayan motar ta shigo, kuma kowace rana da mu Malam ya ci tuwon dare.